Hoton Kan Inno

Da sunan Allah wanda Ya ƙaddara wa kowace zuciya bugunta, Ya kuma ɓoye mata ranar da za ta tsaya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya ambaci uwa sau uku kafin ya ambaci uba. Bayan haka, ga abin da ya auku a wani gida a Bodinga, a shekarun da siyasa ta watse, sabulu da madara suka zama abin nema da layi. Har yau ana yabon maigidan a bakin kasuwa, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da aka yi a ɗakin da ke bayan rumbun albasarsa.

Inno ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Haka ta tarar uwarta tana yi, haka ta yi. Sunansa na yanka Ummaru, amma tun da ya shiga siyasa, ya yi kwangilar waɗansu rijiyoyi da ba su kai ga ruwa ba, gari ya koma ce masa Alhaji Sodangi. Ita kuwa "wancan" take cewa. In ya shigo gaisuwa da safe, sai ta juya fuska ga bango, ta amsa wa bangon. In tana son goro, sai ta gaya wa matarsa Safinatu cewa goro ya yi wuya a bana, maganar ta zagaya ta isa inda aka aike ta. Alhaji yana alfahari da wannan kunya ta mahaifiyarsa, yana cewa irinsu sun ƙare. Kuma lalle ya ci amfaninta, gama uwar da ba ta roƙo, ba a taɓa hana ta komai.

Tun lokacin zaɓen ƙarshe na farar hula, sa'ad da take yini a kan tukwanen tuwon magoya bayansa, ta fara jin wani abu a ƙirjinta. Ta gaya wa Safinatu cewa kamar an kife tsuntsu da kwando ne: ya yi fiffika, ya yi shiru har ka ce ya mutu, sa'an nan ya zabura. Malamin asibitin garin ya riƙe wuyan hannunta ya daɗe, ya ce bugun nan ba ya tafiya a jere, a kai ta Sakkwato. Saƙo ya isa ga Alhaji, ya ce sai bayan zaɓe. Da aka yi zaɓe ya ce sai bayan rantsarwa. Da soja suka karɓi mulki ya ce yanzu ba lokacin da mai mota zai riƙa nuna kansa a birni ba ne. Da hankali ya kwanta ya koma fataucin albasa, ya ce zamani ya yi tsanani. In wani ya matsa, amsarsa ɗaya ce.

"Ta hwaɗa mani? In da abin ya dame ta, da ta hwaɗi."

Tsuntsun ya yi shekaru yana fiffika a ƙarƙashin kwando. Ranar wata Talata, tana alwalar azahar, ta ɗebi ruwa za ta kai fuska, hannun dama ya ƙi tashi. Ta dube shi kamar hannun wata. Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafa ta ƙi, ta faɗi ta bugi turmi da kai. Safinatu ta yi kururuwa, matan maƙwabta suka cika gida. Da yake idon jama'a ya gani, motar Alhaji ta sami mai a ranar nan.

A babban asibiti a Sakkwato, Inno tana kwance, bakinta ya karkace, harshe ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, amma kunnenta garau. Ta ji duk abin da likita ya gaya wa ɗanta a gefen gado. Ya ce zuciyar da ba ta bugawa a jere takan bar jini ya kwanta a wani lungu nata har ya yi gudaji, gudajin ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanya a cikin ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Ya ce shi zatonsa abin da ya same ta ke nan, kuma zuciyar da ta aiko da ɗaya za ta iya aiko da na biyu. Akwai maganin da ke hana jini daskarewa, amma in har jijiya ce ta fashe a cikin kai ba toshewa ba, maganin nan shi zai ƙarasa ta. Don haka yana so a ga cikin kan tukuna. Na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuwa sabuwa ce a ƙasar, a iyakar saninsa sai Badun, can kudu mai nisa.

Alhaji ya tambaya, to wannan hoton da aka ɗauka ɗazu fa? Likita ya ɗaga baƙar takardar nan mai sulɓi ga haske, ya ce an ɗauke shi ne don ta bugi turmi, a ga ko ƙashi ya tsage, kuma bai tsage ba. Ya ce wannan bangon rumbu kawai yake nunawa, ba ya nuna hatsin da ke ciki.

Alhaji ya gode masa ƙwarai, ya karɓi hoton, ya bar sauran maganar a asibiti.

Da aka dawo da ita gida, masu dubiya suka yi ta zuwa. Kowa ya zauna a zaure, sai Alhaji ya zare hoton daga ambulan, ya fita bakin ƙofa ya kara shi da rana.

"Ku diba da idonku. Kanta lahiya lau, ko tsaga babu. Turawa da na'urarsu sun bincika ba su ga komi ba."

Mutane suka riƙa leƙawa, suna ganin ƙoƙon kai da ramukan ido da haƙora, suna salati, suna cewa lalle Alhaji ya yi ƙoƙari, ba kowane ɗa ne zai sa a ɗauki hoton cikin kan uwarsa a wannan zamani ba. Baffa Mode, ƙanen mahaifinsa, wanda buhun geronsa na kowace kaka daga hannun Alhaji yake fitowa, ya ƙara da cewa abin da na'ura ba ta gani ba, ai sai a bar wa Allah.

A cikin makon nan ne harshen Inno ya motsa. Ɗakinta cike da mata, Alhaji ya shigo da waɗansu abokan fataucinsa su yi mata sannu daga bakin ƙofa. Ƙishirwa ta dame ta. Ta tattara ƙarfinta duka za ta ce ruwa. Ta ga kalmar sarai a zuciyarta, ta tura ta zuwa baki, abin da ya fito shi ne:

"Ummaru."

Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi. Inno ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta yi sauri za ta nemi gafarar Allah, ta ce astagfirullahi, sai bakin ya sake cewa Ummaru. Ta yi ƙoƙarin kiran Safinatu, Ummaru. Duk kalmomin da ta tara tun ƙuruciya, na addu'a da na ciniki da na wasa da jikoki, cutar ta kwashe su, ta bar mata ɗayar da ta yi shekara hamsin tana ɓoyewa a ƙasan zuciya, kamar yadda gobara kan cinye ɗaki ta bar abin da aka binne.

Alhaji ya fita yana gyara hula. Kafin magariba ya yanke shawara. Ya ce tsohuwa mai mutunci irin wannan bai kamata duniya ta ji ta a wannan hali ba, rufa mata asiri wajibi ne a kansa. Aka ɗauke ta daga ɗakinta na tsakar gida, aka kai ta ƙaramin ɗakin da ke bayan rumbun albasa, inda masu dubiya ba sa isa. Dubiya ta koma zaure, hoto yake karɓarta a madadinta.

Daga inda take kwance tana jin duk abin da ake yi a rumbun. Kowace safiya Alhaji yakan zo da kansa. Tana jin muryarsa yana umartar ma'aikata su juya albasa don ta sha iska, kada a bar ta kwance a gefe ɗaya, su lalubi wadda ta fara taushi su cire tun ba ta ruɓe ba. Ya san albasa ƙwarai, yana tausayinta. In ya gama, yakan tsaya a bakin ƙofarta ya ce Allah shi ba da lahiya, ya wuce. Ita kuwa sai Safinatu ta sami sarari tsakanin girki da goyo take zuwa ta juya ta, wata rana sau ɗaya, wata rana ta manta, ta zo da dare tana ba da haƙuri da hawaye. Ƙugun Inno ya fara ja, ya saluɓe, ya zama gyambo. Ba wanda ya lura da warin, gama warin albasa ya rufe shi.

Salla ce ta fi yi mata zafi. In ta ji kiran salla, takan buga hannun hagu a bango ta yi taimama yadda ta iya, ta karanta Fatiha a zuci, ta datse leɓɓanta da ƙarfi don kada sunan ɗanta ya faɗo a tsakiyar ganawarta da Ubangiji.

Labari ya kai ga 'yarta Hauwa'u, wadda ke aure a Kajiji ta ƙasar Shagari. Ta biyo motar kasuwa ta zo. Da ta ɗaga zanen uwarta ta ga gyambon, ba ta yi kuka ba, ta wanke shi, ta sa Safinatu ta maimaita mata abin da likita ya ce, sa'an nan ta aika a kira mata yayanta. Ya zo tare da Baffa Mode, gama Alhaji ba ya son a yi maganar iyali ba shaida.

Hauwa'u ta gaishe su da ladabi, ta ce ta ji an ce Badun, ta kuma ji motar albasarsa Badun take zuwa kowane mako, shi kansa yakan bi ta a ƙaramar mota. Alhaji ya ce tafiyar da nisa, hanya ta lalace, tsohuwa ba za ta jure ba. Ta ce albasa tana jurewa, don ana shimfiɗa mata ciyawa. Ya ce yanzu tsakiyar kasuwa ce, a bari kaya su ragu.

"Albasa ba ta jira, Hauwa'u. Kwana ukku kab bar ta, ta tahi."

"Inno hwa, Yaya? Ita an ce maka tana jira?"

Baffa Mode ya yi gyaran murya, ya ce ciwo da magani duk na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ko Makka aka kai shi sai ya tafi, yawan zirga-zirga da mara lafiya raunin tawakkali ne. Hauwa'u ta ce Allah shi gafarta Baffa, amma bara da jakinsa ya yi ɗingishi har Shagari ya ja shi wurin mai ɗori. Baffa ya ce ai jaki dabba ne, ba a ɗora masa tawakkali ba.

Alhaji ya ga magana za ta yi tsawo, sai ya kawo abin da ya kira adalci. Ya ce shi bai taɓa yi wa mahaifiyarsa dole ba, ba kuwa zai fara yau ba. Ga ta nan, ga shaidu, a tambaye ta. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Inno, kina son a kai ki Badun? In kina so ki hwaɗi, yanzu a tashi mota."

Da jin muryarsa, wuyanta ya juya ga bango da kansa, yadda ya saba tun yana yaro. Ta ji Baffa ya ce to, kun gani. Tsuntsun ya zabura a ƙirjinta. Ta san abin da likita ya ce, ta san gudaji na biyu yana hanya, tana son ta rayu ko don ta ƙara faɗin kalmar shahada da harshenta. Ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta ja wuyanta da ƙyar ta juyo, ta dubi ɗanta na fari ido cikin ido. Kalmar da take nema gajeriya ce, i kawai. Ta tattaro ta, ta riƙe, ta tura.

"Ummaru," in ji ta. Hawaye ya gangara ta gefen da ya shanye. "Ummaru."

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar rigarsa.

"Kun jiya da kunnenku. Ba ta ce Badun ba. Ni taka so, kusa da ni taka son zama. Wa za ya raba uwa da ɗanta?"

Baffa Mode ya ce wallahi albarka ta bi Alhaji. Hauwa'u ta ce in haka ne a ba ta ita ta tafi da ita Kajiji. Alhaji ya ce Allah shi kiyaye a ce uwarsa tana jinya gidan suruki yana da rai, me duniya za ta ce? Hauwa'u ta yi kwanaki tana jinya, har mijinta ya aiko cewa yara ba mai duba su. Ta tafi tana waiwaye.

Bayan wannan rana Inno ta daina magana. Ta ga sunan nan duk inda ya faɗi sai a ɗauke shi a yi mata bulala da shi, don haka ta kulle bakinta. In ƙishirwa ta kama ta, sai ta ƙwanƙwasa kwano da hannun hagu. In ba a ji ba, ta haƙura. Alhaji ya ba da labari a zaure cewa sauƙi ya samu, kunyarta ta dawo, alamar hankali ya koma mazauninsa ke nan. Ya ce da ya bi ta mata da likitoci, da yanzu an wahalar da ita a hanya a banza. Hoton ya fara lanƙwasa saboda yawan kara shi da rana, ya sa aka yi masa firam.

Zafi ya shigo. Ɗakin bayan rumbu ya zama tanda. Inno ta rame har ƙasusuwan fuskarta suka fito, ta fara kama da hotonta. Tsuntsun yanzu ba ya hutawa, yana fiffika yana tuntuɓe, takan sa tafin hagu a kansa kamar mai lallashin jariri.

Ranar da gudaji na biyun ya zo, da hantsi ne, ana lodin babbar mota a ƙofar gida. Tana jin masu dako suna kai da kawowa, tana jin Alhaji a bakin rumbu, taku kaɗan daga kanta, yana faɗa a kan wani buhu da aka jefar da ƙarfi, yana cewa a riƙa ɗaukar kaya da tausayi. Sai ta ji hannun hagu, wanda ya rage mata, ya fara yin nisa. Ta nemi kwano ba ta same shi ba. Hasken ƙofa ya rabu biyu. A nan ta saki kunya, ta saki fushi, ta buɗe baki ta yi kira da iyakar abin da ya rage mata, wannan karon kuwa abin da take nufi ke nan, ba wani abu ba. Ta kira shi, ta sake kira.

Ya ji. Ma'aikata ma sun ji, ɗaya ya tsaya da buhu a kai. Alhaji ya ce masa ya ci gaba, haka take yi, ciwon ne.

Safinatu ce ta same ta da azahar, da ta kawo kunu. Inno ta kwana biyu ba ta san inda take ba, ranar Alhamis Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya gafarta mata, Ya musanya mata harshen da ta rasa da wanda ya fi shi.

An yi jana'iza mai yawan jama'a. A zaman makoki Alhaji ya zauna a tsakiya, hoton yana jingine a bango bayansa. Duk ayarin da ya zo, sai ya share ido ya ba su labari: ya kai ta babban asibiti, an ɗauki hoton kanta, ya ajiye ta kusa da inda yake yini, kuma tsohuwar da ba ta taɓa faɗin sunansa ba ta cika da sunansa a baki. Mutane suka yi ta jinjina kai. Wani ya ce irin wannan ɗa uwa ke roƙon Allah Ya ba ta. Baffa Mode ya ce shi shaida ne.

To, jama'a, kira ba yabo ba ne. Wanda aka kira, amsa ake jira daga gare shi. Kunyar da iyayenmu mata suka rufe kansu da ita ado ce, kuma amana ce a wuyan ɗa: an ɗauke mata roƙo ne don shi ya riƙa duba tun ba a roƙa ba. Wanda ya mai da shirun uwarsa hujja, ya mai da hoton ƙashi shaida, ya mai da tawakkali abin rufe rowa, ya sani akwai ranar da za a rufe bakuna, gaɓoɓi su yi magana, a fito da abin da ke cikin ƙirji ba tare da an je Badun ba.

Ranar addu'ar uku, Alhaji ya shiga cikin gida don ya karɓi gaisuwar mata. Ya sake ba su labarin yadda ta cika da sunansa. Hauwa'u tana zaune a bakin ɗakin uwarsu na da, tana ninke zannuwan da aka wanke. Ba ta ɗaga kai ba.

"Yaya, duk kiran da tay yi maka, ka taɓa ce mata na'am?"

Mata suka sunkuyar da kai. Alhaji ya dubi Safinatu, Safinatu ta dubi ƙasa. Sa'an nan ya ce Hauwa'u yarinya ce, ba ta san al'ada ba. Yadda uwa ke kunyar ɗan fari, haka ɗan fari ke kunyar uwa, ba ya amsa mata gatsau a gaban mutane.

Bai rufe baki ba, direban babbar mota, wanda ya dawo daga kudu da asuba, ya leƙo daga zaure ya ce, "Alhaji."

"Na'am," in ji Alhaji, ya juya da sauri har takalminsa ɗaya ya cire.